Wai gudun me mutum zai iya yi a kan keken tsere? Ku raba mu gardama

Sadiq_UDosa: Assalamu alaikum jama'ar gida. Wani abokin aikina ya sayi keken tsere na gwanjo, irin mai siririyar taya da lanƙwasasshen hannun nan, tun ranar kuwa kunnenmu bai huta ba. Jiya yake rantse mana wai yana taka kilomita 60 a awa, wai daga gadar Kawo a nan Kaduna zuwa Kwangila a Zariya awa ɗaya da rabi ta ishe shi. Na ce masa ko ɗan acaɓa sai ya dage. Ya ce ni da ban taɓa hawa irinsa ba me na sani. To masu hawa, tsakani da Allah, gudun me ɗan'adam zai iya yi a kan irin wannan keken? Ba don musu kaɗai nake tambaya ba. Ni ma ina tara kuɗin sayen nawa, don kuɗin mota daga Unguwar Dosa zuwa Kakuri ya fara fin ƙarfina.

Bash_Rigasa: Wa alaikumus salam. Awa ɗaya da rabi? Ka tambaye shi ko a but ɗin mota ya saka keken.

AbuHanif_Barnawa: Malam Sadiq, abokin naka ya haɗa abu biyu ne wuri ɗaya. Akwai lambar da mitar auna gudu ke nuna maka na ɗan daƙiƙoƙi in ka samu gangara, akwai kuma matsakaicin gudun tafiyar gaba ɗaya. Sittin a gangara ba abin mamaki ba ne, duk wanda ya saki birki zai gan ta. Amma ka riƙe ta a miƙaƙƙen titi na tsawon awa, wannan babu shi. Mu da muke fita kowace Asabar da asuba, sabon shiga yakan tashi da 18 zuwa 22. Wanda ya yi watanni yana hawa ba fashi zai kai 25. In ka ga mutum yana gama kilomita 50 shi kaɗai da matsakaicin 30, ka gaishe shi, ya sha wuya kafin ya kai nan.

Malam_Lissafi: Mu buga lissafin kawai. Kaduna zuwa Zariya kusan kilomita 80 ne. Ka raba 80 da ɗaya da rabi, ka samu 53 da ɗoriya. To mutumin da ya fi kowa nisa cikin awa ɗaya a tarihin tseren keke, Filippo Ganna ɗan Italiya, kilomita 56.792 ya yi, a watan Oktoban 2022 a garin Grenchen na ƙasar Suwizalan. A cikin rufaffen fili ne mai daɓen katako, ba iska, ba rami, ba tifa, da keken da aka ƙera masa shi kaɗai domin wannan rana. Awa ɗayan na cika ya tsaya. Shi kuwa abokin Sadiq zai yi kusan hakan har awa ɗaya da rabi, yana kauce wa tankokin da ke fake a Maraban Jos. Ashe muna da gwarzon duniya a Kaduna ba mu sani ba.

Sadiq_UDosa: Wallahi sai na karanta masa wannan gobe a gaban kowa.

Zinariya_Malali: Ku yi masa adalci dai. Wataƙila mitarsa ce ke yaudararsa. Ƙananan mitocin nan masu maganaɗisu a jikin waya, sai ka shigar musu da girman tayarka daidai. In aka saita ta da lambar da ba ta taya ba, za ta yi ta ba ka lambar da ranka ke so. Manhajar waya ma takan yi tsalle in sigina ta yanke, ka ga ta rubuta maka ƙololuwar gudu 90 alhali kana tsaye kana sayen ruwa.

Bash_Rigasa: Ko kuma ya manna maganaɗisu biyu, komai ya ninka.

Saurayin_Mando: Ni fa ban yarda da ku duka ba. Na taɓa yin 70 da idona na gani, kuma ba gangara ba ce. A hanyar filin jirgi ne, na lafe a bayan wata tirela, wallahi ko feda ba na takawa sosai, ji nake kamar ana jana da igiya.

Mai_Faci_Panteka: Kai yaro, ka ji tsoron Allah ka tausaya wa mahaifiyarka. Direban tirela ba ya ganinka a madubi. Ramin da shi zai haye bai ji ba, kai sai ya ɓullo maka daga ƙarƙashin motar ba ka da ko daƙiƙa ɗaya ta kaucewa. An kawo min keken wani da ya yi irin wannan wasan, tayar gaba ta naɗe, cokalin gaba ya karye gida biyu. Mai shi ya yi sa'a da haƙora kaɗai ya biya.

Malam_Lissafi: @Saurayin_Mando abin da ka faɗa gaskiya ne, sai dai hujja ce a kanka. Tirelar ce ta yi aikin. Babban abokin gabar mai keke iska ce. Da zarar ka wuce kilomita 25 zuwa 30 a awa, mafi yawan ƙarfinka a ture iska yake tafiya. Kuma ba daidai wa daida take ƙaruwa ba. In ka ninka gudu sau biyu, turjiyar iska ta ninka sau huɗu, ƙarfin da za ka zuba don cin ta kuma ya ninka sau takwas. Wato daga 30 zuwa 60 sai ka zama mutum takwas. Ko daga 30 zuwa 40 ma sai ka fitar da fiye da ninki biyu na ƙarfin da kake fitarwa. Shi ya sa tashi daga 15 zuwa 22 yake da sauƙi cikin 'yan makonni, amma daga 30 zuwa 33 mutum ya shekara yana fama.

Mai hawa na yau da kullum wat 150 zuwa 200 (wat ma'aunin ƙarfi ne, irin na kayan lantarki) yake iya riƙewa na dogon lokaci. Manyan 'yan tsere sukan riƙe 400 ko fiye na kusan awa. Dutsen gugar lantarki da ke gidanku ya fi su duka jan wuta. Injin da Allah ya ba mu ke nan.

In kana son ganin iyakar abin da ɓuya daga iska ke yi, a 2018 wata Ba'amurkiya, Denise Mueller-Korenek, ta kai kilomita 296 a awa a filin gishirin Bonneville da ke jihar Utah. Motar tsere ce ta fara jan ta, sannan ta sake ta ta ci gaba da takawa a cikin rumfar da aka ɗaura a bayan motar. Ba wanda zai ce ƙafarta ce kaɗai ta yi wannan.

Saurayin_Mando: To ai ni ma abin da na yi ke nan, nawa dai ƙarami ne.

Mai_Faci_Panteka: Ita direbanta ya san tana bayansa.

Dattijo_TudunWada: Ina ta karanta ku ina murmushi. Mu a zamaninmu ba mita ba manhaja, rana ce agogonmu. Lokacin da masaƙun Kakuri ke aiki ba dare ba rana, in aka tashi daga aiki titi cika yake da kekuna, Rale da Fonis, kowa da kwanon abincinsa a ɗaure a kariya. Da aka biya kuɗin Udoji, wato ƙarin albashin nan na ma'aikata, wasu suka koma babur, mu muka tsaya a kan kekenmu. Nakan je Zariya ganin iyaye a kan Rale ta tsohuwar hanya. In na yi sallar asuba na kama hanya, na tsaya Jaji na sha koko da ƙosai, kafin azahar ina cikin birni. Ban taɓa jin na makara ba. Ɗana Sadiq, kai da za ka je aiki ne, me za ka yi da 60?

Sadiq_UDosa: Allah ya ƙara lafiya Baba. So nake na san ƙarfe nawa zan riƙa fita daga gida.

AbuHanif_Barnawa: To wannan ita ce tambayar. Mu ɗauka tafiyarka kilomita 15 ce. A cikin gari manta da lambobin da muke faɗa na bayan gari. Ga danja, ga shataletale, ga masu Napep da ke tsayawa a gabanka ba sigina, ga cunkoson wajen Kasuwar Gumi in ta Ahmadu Bello Way ka bi, ga na gada kafin ka haye kudancin gari. Matsakaicinka zai faɗo 16 zuwa 20 ko da ƙafarka na da ƙarfi. Ka ware minti 50 zuwa awa ɗaya, da ɗan lokacin da za ka goge zufa ka canza riga. Abin daɗin shi ne da safe lokacin da motoci suka cushe, kai ba abin da ya dame ka, lokacinka kusan ɗaya ne kullum.

Injiniya_Kabala: Bari na ƙara wani abu a kan lissafin Malam, ta ɓangaren giya. Kowa zai iya gwada wannan a gida. Tayar keken tsere in ta juya sau ɗaya tana cin kusan mita 2.1. Babban faranti na gaba yawanci haƙora 50 ne ko 53, ƙaramin na baya 11. Ka raba 53 da 11 ka ninka da 2.1, kowane zagayen feda ya ba ka kusan mita 10. Don ka yi 60 a awa, wato kilomita ɗaya kowane minti, sai ka juya feda sau 100 a minti a giya mafi nauyi da keken yake da ita. Malam Sadiq, ka ce abokinka ya saka wannan giyar a fili ya juya ta sau 100 a minti ɗaya kacal kana kallo. Rale irin ta Baba kuwa giya ɗaya gare ta, zagaye ɗaya bai fi mita biyar da rabi ba, shi ya sa take zama wajen 15 zuwa 20 komai ƙoƙarinka.

Dattijo_TudunWada: Amma tana ɗaukar buhun masara. Naku na tsere ko ledar tumatir ba inda za a rataya.

Zinariya_Malali: Baba ya gama da ku. Ni dai da sassafe nake zagaya Malali da Unguwar Rimi kafin motoci su fito, matsakaicina 20 zuwa 22, kuma ya ishe ni. Abin da ke ba ni dariya, duk saurayin da na wuce sai ya tashi tsaye a kan feda ya bi ni da gudu don kada a ce mace ta wuce shi. Ya wuce ni fuu, bayan minti biyu in same shi a gefen titi yana haki. Irinsu ne ke komawa gida su ce suna yin 45. Sun yi ɗin, na daƙiƙa ashirin. Kuma don masu ganin abin na maza ne, Vittoria Bussi 'yar Italiya ta haura kilomita 50 cikin awa ɗaya a 2023 a ƙasar Meziko, ita ce mace ta farko da ta yi hakan.

Bash_Rigasa: Hajiya kin tona mana asiri.

Dan_Kawo77: Ni tambayata, me ya sa a talabijin nake ganin 'yan Tour de France, babban tseren keken nan na Faransa, suna yin 60, 70, har fiye? Ko su ba mutane ba ne?

AbuHanif_Barnawa: @Dan_Kawo77 suna yi, amma duba yaushe. Saba'in ɗin nan a mita 200 ko 300 na ƙarshe ne, bayan abokan tawagarsa sun kare shi daga iska yini guda, sai ya fito ya zazzage duk abin da ya rage masa cikin daƙiƙa goma sha. A gangaren duwatsu kuma sukan kai 90, wani lokaci su haura 100, a titin da aka rufe musu ba mota ko ɗaya. Amma in ka haɗa tseren duka, sama da kilomita 3,000 cikin mako uku, matsakaicin wanda ya lashe kaɗan yake haura 40. Kuma a cikin ayari suke tafiya. Wanda ke bin bayan wani kurkusa yana rage kusan kashi ɗaya cikin uku na wahalarsa, na tsakiyar ayari ya fi haka samun sauƙi. Ko mu nan, ranar da muka fita mu shida muna karɓa-karɓa a gaba, sai ka ga mun tashi da 32 ko 33, alhali kowannenmu shi kaɗai 28 zai yi.

Malam_Lissafi: Akwai tseren da kowa ke fita shi kaɗai a auna lokacinsa. A 2015 Rohan Dennis ɗan Ostireliya ya yi matsakaicin 55.4 a irin wannan a birnin Utrecht, amma nisan kilomita 13.8 ne kawai, ƙasa da minti 15.

Hafiz_Kakuri: Duk Turawa kuke ta lissafowa. Biniam Girmay ɗan Eritiriya fa? A 2024 ya ci matakai uku a Tour de France ya kuma tafi da koriyar riga ta gwanin masu gudun ƙarshe. Ruwanda ta karɓi gasar duniya a Kigali a 2025. Ga Burkina Faso nan kusa da mu suna tseren Tour du Faso tun 1987. Mu ne dai muka mayar da keke abin talaka, yaro na samun kuɗi sai babur.

Injiniya_Kabala: Su Girmay a kan tudu suka tashi, Asmara ta haura mita 2,300 daga teku. Jininsu ya saba da ƙarancin iskar shaƙa. Kuma a kan tudu iska ba ta da kauri, keke ya fi ratsa ta. Dalilin da ya sa Eddy Merckx ɗan Beljiyam ya tafi birnin Meziko ke nan a 1972 ya yi kilomita 49.431 a awa ɗaya, da keken ƙarfe ba wani ado. Ku duba, shekara 50 tsakaninsa da Ganna, duk da ci gaban ƙira, abin da aka ƙara bai kai kilomita 8 ba.

Dan_Kawo77: To ashe keken ba shi ne ba? Na ga ana cewa na kabon, wato marar nauyin nan da ba na ƙarfe ba, ya fi gudu, kuɗinsa kuma ya fi na babur.

Mai_Faci_Panteka: Alhaji, ni da nake kwance su ina ɗaurawa kullum, bari na faɗa maka. Daga keken gida ko mai ƙatuwar tayar daji zuwa na tsere, e, akwai bambanci, za ka ƙaru da kilomita uku zuwa biyar a awa da ƙarfi ɗaya, saboda siririyar taya da kuma yadda kake sunkuyawa. Amma daga na alminiyam mai kyau zuwa na kabon, a titin Kaduna, kuɗinka kawai za ka ƙona. Rashin nauyi a hawan dutse yake amfani, mu kuwa tudunmu ɗan kaɗan ne. Kuma na kabon ɗin gwanjo in yana da tsagewa a ɓoye ba ya lanƙwasa ya yi maka gargaɗi, karyewa yake yi kai tsaye.

Abin da ke cinye wa mutane gudu ƙananan abubuwa ne. Mutum ya zo min yana cewa kekensa ya yi nauyi, in ɗaga tayar baya in juya, sai in ji robar birki na shafar rim, shiii shiii, ko juyi biyu ba ta yi ta tsaya. Ko in matsa taya da babban yatsa ta lotsa. Siririyar taya tana son iska sosai, kuma tana sacewa da kanta cikin 'yan kwanaki ko ba huji. Bakin tub ɗinta siriri ne, yawancin masu faci na bakin titi ba su da kan da zai shiga, don haka ka sayi famfonka. Sai sarƙa. Don Allah ku daina zuba mata baƙin mai. Da hunturu ƙura ke mannewa a kai ta zama kamar yashi tana cin haƙoran faranti. A wanke da kananzir, a goge, a ɗiga mai kaɗan. Sirdi kuma a ɗaga shi yadda ƙafa za ta kusa miƙewa in feda ta sauka ƙasa. Rabin masu hawa a garin nan gwiwarsu na kusan dukan haɓarsu.

Sadiq_UDosa: Wannan bayanin ya fi min komai amfani. Taya fa, wacce zan nema?

Mai_Faci_Panteka: Mai lamba 28, wato faɗin milimita 28, in firam ɗin zai ɗauka. Mai 23 a titinmu faci za ka yi ta yi.

Hafiz_Kakuri: Ba wanda ya yi maganar hunturu da kyau. Iskar daga arewa maso gabas take busowa, Zariya kuma can take. Wato duk wanda ya nufi Zariya a Disamba ko Janairu da hantsi, gaba da gaba zai yi da ita tun daga Rigachikun. Na taɓa yi, ina takawa da iya ƙarfina mita na nuna 17, leɓe ya tsage, ido ya cika da ƙura. A dawowa kuwa sai ga 35 ina hira. Da wanda ya auna dawowar kaɗai zai ce shi gwani ne.

AbuHanif_Barnawa: Kuma abin haushin, abin da iska ta ƙwace a zuwa ba ta biyan shi duka a dawowa, don ka fi daɗewa a ɓangaren wahalar. Haka tudu da gangara. Zafin Maris da Afrilu ma yana rage mutum sosai, in rana ta take sai ka ga bugun zuciya ya hau gudu ya sauka. Mu mukan gama kafin ƙarfe tara. Ni a ganina mai hawa sosai zai yi Zariya cikin awa uku, sabon shiga huɗu zuwa biyar da hutawa.

Saurayin_Mando: Awa uku ta yi yawa Yaya. Biyu da rabi zan yi.

Malam_Lissafi: Biyu da rabi matsakaicin 32 ke nan. Mai yiwuwa ne ga wanda ya horu, a rana mai kyau. Ba na musa maka, amma ba tirela.

Ummu_Khalifa: Ni mijina ke hawa, ni ke zaman jiran dawowarsa. Duk wanda zai hau babbar hanyar nan don Allah ya sa hular kwano da riga mai haske, ya sa fitila mai walƙiya a baya ko da rana ne, kuma kada ya tafi shi kaɗai. Lambar da kuke ta musu a kanta ba ta kai ƙashin mutum ba.

Sadiq_UDosa: Jama'a ga sabon labari. Na tura masa duk abin da kuka rubuta. Yanzu ya ce shi bai ce daga Kawo ba, daga Maraban Jos yake nufi, kuma 60 ɗin a gangara ya gani. Amma ya tsaya kai da fata a kan cewa zai riƙe 40 na awa guda. Ya ce a sa rana.

Injiniya_Kabala: Arba'in shi kaɗai na awa guda, wannan gudun ɗan tsere ne mai horo na gaske. In ya yi 30 ni zan sayi tsiren.

Zinariya_Malali: A sa sharaɗi tun yanzu: zuwa da dawowa a hanya ɗaya, rabin awa kowane ɓangare, kada ya zaɓi inda iska za ta tura shi.

Bash_Rigasa: Ni zan bi shi a babur in auna. A baya zan tsaya, kada ya ce zai lafe a bayana.

Saurayin_Mando: Mitar babur ma ƙarya take, takan ƙara. A ɗaura masa waya biyu a aljihu a kwatanta.

Dan_Kawo77: In ya tsaya shan ruwa fa, agogo na tafiya ko a dakatar?

AbuHanif_Barnawa: Na tafiya mana. Manhaja takan cire lokacin tsayuwa, shi ya sa lambobin mutane ke kumbura. Sadiq, ka ce ya zo Murtala Square ranar Asabar bayan asuba, ya fara bin mu tukuna mu ga ƙafarsa. Ya taho da gorar ruwa biyu da tub na safaya.